Imanin Shugabanni a Gaban Kyamara: Tarihin Bayyana Aƙida a Talabijin ɗin Jamhuriyar Benin, Daga Mahangar Paraku da Jugu

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Kafin zuwan talabijin, talaka ba shi da hanyar tambayar fuskar shugabansa, sai dai ya ji muryarsa a rediyo, ko ya ji ta bakin wanda ya gan shi. Talabijin ne ya shigo da fuskar shugaba har tsakar gida, ya kuma bai wa ɗan jarida damar yi masa tambayar da a da ba a yi wa babba, wato tambayar abin da ya yi imani da shi. A ƙasar Ingila an daɗe da sanin irin wannan hira. A shekarar 1959, a wani shirin BBC mai suna Face to Face, John Freeman ya tambayi masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung ko ya yi imani da Allah, shi kuwa ya amsa da cewa ba ya bukatar ya yi imani, domin ya sani. Amsar ta jawo muhawara mai tsawo, amma ba ta girgiza kujerar kowa ba.

A Jamhuriyar Benin abin ya sha bamban. Wannan takarda za ta bibiyi yadda imanin shugabannin ƙasar ya tashi daga abin da ake raɗe-raɗinsa zuwa abin da ake furtawa a gaban kyamara, tare da duba yadda wannan furuci yake isa garuruwan Paraku da Jugu, manyan biranen arewacin ƙasar, inda Hausawa suka daɗe da zama. Abin da takardar ke son nunawa shi ne, a ƙasar da babu addinin da ya fi rabin jama'a, maganar shugaba a kan imaninsa ba ta tsayawa a kansa shi kaɗai. Magana ce da ta shafi zaman ƙasa.

2.0 Paraku da Jugu: Garuruwan Zango

Tun kafin zuwan Turawa, ayarin fataken goro daga Kano da Katsina kan ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su yada zango a Nikki da Paraku da Jugu, kafin su dangana da Salaga a ƙasar Gwanja. Sukan tafi da kanwa da tufafi da kayan fata, su komo da goro. A Jugu, sarkin ƙabilar Yowa yana zaune a unguwar Kilir, baƙi Musulmi kuma suna unguwar Wangara, kowa da shugabanninsa. Haka ma a Paraku, sarauta tana hannun mutanen Bargu, limanci da kasuwanci kuwa suna hannun Dandawa da Wangarawa da Hausawa. Harshen Dandi shi ya zama harshen kasuwa, Hausa kuma ta zauna daram a zanguna.

Wannan tsari ya koya wa mutanen garuruwan biyu wani darasi da zai yi amfani a fahimci abin da ya biyo baya: ana iya zama ƙarƙashin sarkin da ba addininku ɗaya ba, muddin ya tsare hanya, ya kare kasuwa, ya bar masallaci. Ba a tambayar sarki abin da ke zuciyarsa, aikinsa ake dubawa.

A zamanin mulkin Faransa, layin dogo daga Kwatano ya iso Paraku a 1936, garin ya zama ƙofar arewa. Ƙidayar 2013 ta nuna Paraku tana da mutane fiye da 250,000, gundumar Jugu kuma fiye da 260,000. Ƙidayar ta kuma nuna Musulmi sun kai kashi 27.7 cikin ɗari na jama'ar ƙasar, 'yan Katolika kashi 25.5, mabiya addinin gargajiya na vodun kashi 11.6, sauran kuma sun rarrabu tsakanin wasu majami'u da wasu addinan gargajiya. Saboda haka duk mai neman mulki dole ya nemi ƙuri'ar waɗanda ba su bin addininsa.

3.0 Zamanin Shiru: 1960 zuwa 1989

Shugaban farko na ƙasar, wadda a lokacin ake kira Dahomey, shi ne Hubert Maga, haifaffen Paraku a 1916. Ya tashi a gidan Musulmi, ya yi karatu a makarantar William Ponty da ke Senegal, ya kuma karɓi Kiristanci na ɗarikar Katolika tun yana saurayi. Duk da haka, ƙuri'un arewa, na Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, su ne ginshiƙin siyasarsa har ya karɓi mulki ranar 1 ga Agusta 1960. A zamaninsa babu talabijin a ƙasar. Sauya addininsa abu ne da dangi da maƙwabta suka sani, ba wanda ya zaunar da shi a gaban jama'a don ya yi bayani.

Mathieu Kérékou, soja ɗan yankin Atakora, ya ƙwace mulki ranar 26 ga Oktoba 1972. Ranar 30 ga Nuwamba 1974 ya ayyana aƙidar Markisanci a matsayin tafarkin ƙasa, bayan shekara guda kuma ya sauya sunanta zuwa Jamhuriyar Jama'ar Benin. Gwamnati ta karɓe makarantun mishan, ta ƙaddamar da yaƙi da maita da abin da ta kira mulkin mulaka'u, wanda ya faɗa kan masu addinin gargajiya da sarakuna. A cikin wannan yanayi aka buɗe talabijin ɗin gwamnati, ƙarƙashin hukumar ORTB, a ƙarshen 1978. Tashar tana Kwatano, tana magana galibi da Faransanci, kuma a shekarunta na farko ba ta wuce kudancin ƙasar ba. Arewa ta dogara da rediyo, musamman bayan buɗe tashar Paraku a 1983, mai watsa shirye-shirye cikin harsunan yankin irin su Bargu da Dandi da Fulatanci.

Talabijin na wancan zamani ba wurin tambaya ba ne. Shugaba yana jawabi, jama'a suna sauraro. Sai dai inda tambaya ta gagara, jita-jita kan cike gurbinta. A watan Satumba 1980, lokacin wata ziyara da Kérékou ya kai Libiya, an ba da rahoton cewa ya musulunta a gaban Mu'ammar Gaddafi, har ya ɗauki sunan Ahmed. Labarin ya bazu, amma shugaban ya ci gaba da amsa sunan Mathieu. Har ila yau, mutumin da ya fi kusa da shi a shekarun 1980 wani malamin tsibbu ne ɗan ƙasar Mali, Mohamed Amadou Cissé, wanda ya kai matsayin minista, daga baya kuma kotu ta ɗaure shi a 1992 kan wawure dukiyar bankin gwamnati. Ga shugaba mai aƙidar da ba ta san Allah ba, ga labarin musulunta, ga malamin tsibbu a fada. Ba mamaki da laƙabin hawainiya ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

4.0 Taron Ƙasa na 1990: Tuba a Bainar Jama'a

Tattalin arziki ya durƙushe, albashi ya gagara, yajin aiki ya game ƙasa. A Disamba 1989 gwamnati ta yi watsi da Markisanci, sannan daga 19 zuwa 28 ga Fabrairu 1990 aka yi babban taron ƙasa a otal ɗin PLM Alédjo da ke Kwatano, ƙarƙashin jagorancin wani babban limamin Katolika, Isidore de Souza. An watsa zaman taron ta rediyo da talabijin. A nan ne jama'a suka ji, wasu kuma suka gani, shugaban da ya shekara goma sha bakwai yana ba da umarni ya amince da kura-kuran mulkinsa, ya nemi gafara, ya kuma karɓi matsayar taron da ta rage masa iko.

Muhimmancin wannan ga tarihin da ake bibiya shi ne harshen da aka yi amfani da shi. Kalmomin iƙirari da tuba da gafara kalmomin addini ne, kuma a gaban limami aka furta su. Musulmin Jugu da Kiristan Kwatano da mai bin vodun a Abomey, kowa ya sami abin da ya gane a ciki, domin tuba ba baƙon abu ba ne ga kowane addini. Daga ranar, 'yan siyasar Benin suka fahimci cewa nuna tsoron Allah a bainar jama'a jari ne.

Tsarin mulkin 11 ga Disamba 1990 ya ayyana ƙasar a matsayin wadda ba ta da addinin gwamnati, ya tabbatar da 'yancin addini, ya kafa hukumar HAAC mai sa ido kan kafofin watsa labarai. Amma kuma ya tanadi cewa shugaba zai yi rantsuwa ne a gaban Allah, da ruhin magabata, da ƙasa, da al'umma. An tsara lafazin ne don kowane ɓangare ya ga kansa a ciki.

Zaman lafiyar bai zo da sauƙi ba. A zagaye na biyu na zaɓen Maris 1991, wanda Nicéphore Soglo ɗan kudu ya kayar da Kérékou, rikici ya ɓarke a Paraku, aka far wa 'yan kudu mazauna garin, har aka sa dokar hana fita. Rikicin na yanki ne, ba na addini ba, amma ya nuna wa kowa inda ɓarakar ƙasar take. Bayan shekara biyu, ranar 4 ga Fabrairu 1993, Paparoma John Paul na Biyu ya zo Paraku ya gana da wakilan al'ummar Musulmi, a wannan ranar kuma ya gana da shugabannin vodun a Kwatano. Zaɓen Paraku don ganawa da Musulmi ya tabbatar da matsayin garin na mahaɗar addinai. A nasa ɓangaren, Soglo ya ɗaukaka addinin gargajiya: an yi bikin Ouidah 92 a Fabrairu 1993, aka kuma ware 10 ga Janairu a matsayin ranar addinan gargajiya, wadda doka ta tabbatar a 1997.

5.0 Rantsuwar 1996

Bayan faɗuwarsa zaɓe, Kérékou ya yi shekara biyar bakinsa a rufe. Da ya sake fitowa takara a 1996, ya fito ne a matsayin Kirista mai bin tafarkin bishara, yana yawan ambaton Littafi Mai Tsarki a jawabansa. Ya ci zaɓe da kashi 52 da ɗoriya. Ranar 4 ga Afrilu 1996, wajen rantsuwa a Porto-Novo, ya tsallake kalmomin da ke ambaton ruhin magabata, saboda sun saɓa wa sabon imaninsa. Aka kai ƙara kotun tsarin mulki, ta ce rantsuwar ba ta inganta ba, ya sake ta cikakkiya ranar 6 ga Afrilu.

Wannan lamari ya cancanci a tsaya a kansa. Shugaba ya bayyana aƙidarsa ba ta hanyar faɗar wani abu ba, sai ta hanyar ƙin faɗa. Da a ce rantsuwar a ɗaki aka yi ta, da wataƙila ta wuce ba wanda ya lura. Amma da yake jama'a sun ji da kunnensu, gibin kalmomi kaɗan ya zama shari'a. Ga Musulmin Paraku ko Jugu, al'amarin yana da fuska biyu. Ta fuskar tauhidi, zai iya fahimtar mutumin da ya ƙi rantsuwa da wanin Allah. Ta fuskar zaman tare kuwa, ya san cewa idan aka bar shugaba ya goge ɓangaren wasu a yau, gobe ana iya goge nasa. Hukuncin kotun ya kafa ƙa'ida: imanin shugaba nasa ne, amma lafazin kujera na kowa ne.

Kérékou bai daina amfani da harshen tuba ba. A 1999 ya nemi gafarar baƙaƙen fatar Amurka a wata majami'a da ke Baltimore saboda rawar da magabatan ƙasarsa suka taka a cinikin bayi.

6.0 Zamanin Hira: Daga 1997

Dokar Agusta 1997 ta buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu. LC2 ce ta fara a fagen talabijin, Golfe TV da Canal 3 suka biyo baya. Da zuwansu aka sami shirye-shiryen muhawara da doguwar hira, inda ake gayyato minista ko ɗan takara ko limami a yi masa tambayoyi. Rediyo ma ta yawaita a arewa, ciki har da tashoshin addini: ta Musulunci a Jugu, da tashar Kirista ta Trans World Radio da ta fara aiki kusa da Paraku a 2008, mai watsa shirye-shirye cikin harsuna da dama har da Hausa.

Shugaban da ya fi kowa cin moriyar wannan sabon fage shi ne Thomas Boni Yayi, ɗan garin Tchaourou da ke kudu da Paraku. Kamar Maga, shi ma daga gidan Musulmi ya fito, ya koma Kirista mai bin tafarkin bishara. Ya ci zaɓen 2006 da kusan kashi 75 cikin ɗari. Bambancinsa da Maga shi ne, shi bai ɓoye imaninsa a aljihu ba: ambaton Allah da addu'a sun zama ruwan dare a jawabansa, fastoci kuma suka sami wuri a kusa da fada. Duk da haka, a zaɓen 2011 yankin Bargu ya tsaya masa, ko da yake akwai ɗan takara Musulmi, Abdoulaye Bio Tchané, haifaffen Jugu kuma tsohon daraktan sashen Afirka na asusun IMF, wanda ya tashi da kimanin kashi 6 cikin ɗari. Wannan ya nuna cewa darasin zango yana nan da ransa: addinin ɗan takara ba shi kaɗai mai ƙuri'a yake dubawa ba.

Abubuwa biyu suka nuna haɗarin sabon fagen. Na farko shi ne badaƙalar ICC Services ta 2010, wani kamfanin adashen yaudara da shugabanninsa suka yi amfani da suturar addini da hotunan kusanci da manya wajen jawo amincewar jama'a, dubban mutane suka rasa ajiyarsu. Na biyu shi ne hirar da Boni Yayi ya yi da 'yan jarida a talabijin ranar 1 ga Agusta 2012, wadda aka tallata a matsayin magana da zuciya buɗe. A cikinta ya yi kalaman da aka fahimta a matsayin barazanar kiran mutanen yankinsa su fuskanci masu adawa da shi. A 2013 kotun tsarin mulki ta yanke cewa kalaman sun saɓa wa tsarin mulki. Magana zarar bunu ce. A jawabi, shugaba yana karanta abin da aka tace. A hira kuwa, abin da ke zuciya yana iya suɓucewa, kuma ba a mayar da shi.

A zamanin Patrice Talon, wanda ya hau mulki a 2016, gwamnati ta sake ɗaukaka vodun a matsayin gadon ƙasa da hanyar jawo masu yawon buɗe ido, inda daga Janairu 2024 aka mayar da bikin Ouidah gagarumin taro mai suna Vodun Days.

7.0 Matsalar Harshe

Ga ɗalibin harshe, babban abin lura shi ne cewa yawancin waɗannan maganganu da Faransanci aka yi su, alhali da yawa daga mutanen Paraku da Jugu ta bakin mai fassara suke jin su: ma'aikacin rediyo, ko malamin makaranta a majalisa, ko limami bayan salla. Ke nan ma'anar da ta isa kunnen jama'a tana hannun tafinta.

A ɗauki kalmar laïcité da ke cikin tsarin mulki. Idan aka fassara ta da "ƙasar da ba ta da addini", mai sauraro zai ji kamar ana nufin kafirci. Idan aka ce "gwamnatin da ba ta fifita wani addini", sai ya ji adalci. Haka kalmar conversion, wadda a Faransanci ba ta nuna yabo ko zargi. Hausa ba ta da kalma guda mai tsayawa a tsakiya haka: wanda ya shigo ya "musulunta", wanda ya fita ya yi "ridda", kalmar "tuba" kuma kowane ɓangare yana ja ta wajensa. Mai fassara labarin Maga ko Boni Yayi dole ya zaɓa, kuma "ya sauya addini" ita ce mafi aminci. Kalmomin da Kérékou ya tsallake ma haka suke: "ruhin magabata" yana ɗauke da girmamawa, "kurwar matattu" kuwa yana kai tunani ga tsafi.

Bugu da ƙari, akwai batun ladabi. A al'adar Bahaushe, yaro ba ya duban tsabar idon babba ya tambaye shi ko yana salla. Shi ya sa hira kan addini a kafofin Hausa ta ɗauki wani salo daban. Hausawan zangunan Benin sun daɗe suna kama Rediyon Kaduna, inda tafsirin Shaihu Abubakar Gumi da na Shaihu Ɗahiru Bauchi suka shahara, da sashen Hausa na BBC da ya fara a 1957, daga baya kuma tashoshin tauraron ɗan Adam da wayar salula suka ƙaru. A shirin BBC Hausa mai suna Ku San Malamanku, alal misali, ana tambayar malami inda aka haife shi, da waɗanda suka karantar da shi, da littattafan da ya sauke. Daga jerin malamansa mai kallo yake gane ɗarikarsa da aƙidarsa, ba tare da an yi masa tambayar kai tsaye ba. Tambayar Freeman ta nufi zuciya; tambayar Bahaushe takan bi ta salsala.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga matakai uku. A zamanin Maga da farkon mulkin Kérékou, imanin shugaba abin raɗe-raɗi ne. Daga 1990 ya zama abin furtawa a jawabi da rantsuwa. Daga 1997 kuma ya shiga fagen hira, inda ba a iya tace kowace kalma. A kowane mataki, shugabanni uku 'yan arewa, Maga da Kérékou da Boni Yayi, sun mulki ƙasar da addinin da ba shi ne na yawancin mutanen Paraku da Jugu ba, kuma hakan bai hana su samun goyon baya mai yawa a arewa ba. Sau biyu kotu ta taka wa shugaba burki, a 1996 da 2013, kuma a duka biyun ba don abin da ya yi imani da shi ba ne, sai don ya furta, ko ya ƙi furta, abin da zai ware wani ɓangare na jama'a. Nauyin da ya rage yana kan ɗan jarida mai tambaya da tafinta mai fassara, domin a Paraku da Jugu, kalmar da suka zaɓa ita ce maganar shugaba.